Kowace Ta Saka Nata

Mata talatin da huɗu na zumuntar wata ƙaramar coci da ke Sauka Kahuta, a Minna, sun shiga taron shekara na Zungeru ranar Asabar, 8 ga Nuwamba, 2014, ba tare da anko ba. Kowace ta ɗaura zanen da ta ciro daga akwatinta. Talatin da uku daga cikinsu sun rataya ɗan mayafi saƙar hannu a kafaɗar hagu, shuɗi mai ratsin fari. Ta talatin da huɗun, wadda ke gaba tana ba da waƙa, babu komai a kafaɗarta. Ita ce shugabarsu, Magdalina Gaiya, kuma a kan ɗanta maganar ta taso tun farko.

Magdalina tana da shekara hamsin da huɗu. 'Yar wajen Zonkwa ce. Ta zo Minna da mijinta a 2003, bayan an rufe masaƙar da yake aiki a Kakuri. Ya rasu bayan shekara shida, ya bar mata injin niƙa a bayan gida da ɗa guda, Meshach. A farkon 2013 Meshach ya sami aiki a Legas, a siton wani babban kamfani mai sayar da kaya ta intanet. Aikinsa shi ne ya bi tsakanin kantocin ƙarfe da keken turawa, ya tattaro abin da mutane suka yi oda, ya kai wa masu naɗewa. Matan zumunta ba su taɓa riƙe sunan kamfanin ba. Kantin waya suke ce masa.

Wadda ta kawo musu kantin waya ita ce Dorothy, sakatariyar zumunta, malamar firamare a Chanchaga, ƙawar Magdalina tun makon da ta sauka a unguwar. A shekarar ta 2013 ta nuna musu atamfa a fuskar wayarta, suka zaɓa, aka kawo har ƙofar coci cikin kwana tara. Ta fi ta kasuwa araha, kuma babu wadda ta sha rana. A lokacin Magdalina ce ta fi kowa murna. Ta riƙa shafa kwalin tana cewa wataƙila hannun Meshach ya taɓa shi.

Ranar 11 ga Yuni, 2014, bayan awa goma sha ɗaya yana tsaye, keken da aka loda masa fiye da kima ya ƙwace, ya matse masa hannun dama a jikin kantar ƙarfe. Yatsu biyu, manuni da na tsakiya, suka daina lanƙwasa. Kamfanin ya ce shi ba ma'aikacinsa ba ne, na ɗan kwangilar da ya kawo shi ne. Ɗan kwangilar ya sa aka ɗaure hannun, ya ce ya tafi gida, idan ya warke kuma akwai gurbi za a kira shi. Meshach ya dawo Minna a watan Yuli, yana da shekara ashirin da takwas. Tun daga ranar wayarsa ba ta taɓa mutuwa ba. Ko kwana biyu aka yi babu wuta, sai ya nemo inda zai yi caji. Magdalina ta san kiran da yake jira. Abu ɗaya take roƙo a addu'arta, kuma Dorothy kaɗai ta faɗa wa: kada ya koma.

Zumuntar tana zama duk Talata da ƙarfe huɗu. A zaman 16 ga Satumba Dorothy ta miƙe da waya a hannu, ta ce lokacin anko ya yi, ga kala uku ta ware. Wayar ta fara zagayawa daga benci zuwa benci. Da ta iso hannun Magdalina ba ta duba ba, ta miƙa wa ta kusa da ita.

"Ni dai ba zan ɗaura ba," in ji ta. "Ku saya, ban hana kowa ba. Amma in daga kantin nan ne, ku nemi mai ba ku waƙa a Zungeru."

Shekara goma ke nan ita ke ba da waƙa a taron.

"Maman Meshach, atamfa ce fa," in ji Dorothy. "Ba ita ta matse shi ba."

"Wani ne zai turo ta a keke. Shi ma yana da uwa."

Wata daga bencin baya ta tambaya ko da gaske ne ba a barinsu su zauna. Magdalina ta faɗi abin da ta ji daga bakin ɗanta, ba ta ƙara ko kalma ba: awa goma sha biyu a tsaye, wata na'ura a hannu tana auna lokacin da mutum ya ɗauka kafin ya ciro kaya, minti ashirin na cin abinci, wanda ya zaga bayi sau uku a rubuta sunansa. Dorothy ta karɓi wayarta ta kife a kan tebur, ta ce to a ɗaga hannu. Mata ashirin da tara suka yarda a bar kantin waya, na anko da na komai. Uku suka ƙi. Biyu ba su zo ba. Dorothy tana cikin ukun, kuma ita ta rubuta sakamakon a littafin zumunta da kyakkyawan rubutunta.

"An kayar da ni, na yarda," ta ce wa Magdalina a hanyar gida. "Amma ranar da matan Zungeru suka kalle mu kamar waɗanda aka tsinto a tasha, a bayanki zan ɓuya."

"Bayana ba zai ishe ki ba."

Meshach bai yi godiya ba. Ya ji labarin washegari da safe, yana zaune a bakin ɗakin inji yana matsa ƙwallon roba da likita ya ba shi.

"Mama, ku talatin da huɗu? Kwali nawa kike zaton ke fita daga wurin nan kafin azahar? Ba za su ma san kuna duniya ba."

"Ni na san ina duniya."

"In kuma suka sani fa? Oda ta ragu, wa za a fara kora? Ba manaja ba. Irinmu ne. Akwai wanda muke ɗaki ɗaya da shi, 'ya'yansa uku a gida."

Magdalina ta tashi ta kunna inji.

Ranar Juma'a da safe ita da Dorothy suka je babbar kasuwa wurin Alfa, mai shagon atamfa da zare, wanda zumuntar ke saye a hannunsa kafin zuwan kantin waya. Ya karɓe su da fara'a, ya ba su ruwan sanyi, ya tuna musu sau biyu cewa bara bai gan su ba. Turmi talatin da huɗu iri ɗaya, a cewarsa, sai ya je Kano, kuma zai iya zuwa. Sai Magdalina ta tambaye shi wa ke yin atamfar.

"Wa ke yi kamar yaya, Mama?"

"Mutanen da ke gaban injin. Ana barinsu su zauna?"

Alfa ya yi dariya har ya cire hula. Da ya ga ba wasa take yi ba, ya mayar da ita. "Tsakani da Allah ban sani ba. A jirgin ruwa take zuwa. Ta Kakuri da maigidanki ke yi, ita na san masu yinta, wasu har sunansu. Wannan kam in na ce na sani na yi ƙarya."

Suka fito babu ciniki. Suka hau keke napep.

"Wato kantin waya babu, Alfa ma babu," in ji Dorothy. "Ganye za mu ɗaura?"

"Akwatinki ba ya rufuwa saboda zannuwa."

"Wa ya aike ki leƙa akwatina?"

Da yammar ranar Dorothy ta tura wa kowa saƙon tes. Wayoyin ba su da haruffa masu lanƙwasa, kuma babu wanda hakan ya taɓa damu. Saƙon ya ce: "Yan uwa, bana babu anko. Kowace ta saka nata."

Mama Esta ba ta zo sujada ranar Lahadi ba. Ba ta zo zumunta ranar Talata ba. Ita ce babbarsu, shekara saba'in da uku, Banufiya daga wani ƙauye a hanyar Bida, kuma ba a san ta da fashi ba. Tana cikin biyun da ba su halarci zaman ƙuri'a ba, saboda jana'iza a ƙauye. Dorothy ta ce ko fushi ta yi, don tsohuwar tana son anko, ita ce ma ke fara kai nata wurin tela. Ranar Laraba, bayan an tashi daga makaranta, su biyun suka tafi dubiya, Magdalina riƙe da kunu a fulas.

A ƙofar gida suka tarar da mijinta, Baba Ndaceko, tsohon ma'aikacin reluwe, yana feƙe wani itace.

"Kun zo ganin ɓarnar da kuka yi?" ya ce. "Ku shiga. Kwana biyar ke nan rabona da miyar kirki."

A tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, an jingina masaƙar tsaye da bango, irin ta matan Nupe: itace biyu a tsaye, biyu a gicciye, zare shuɗi a miƙe daga sama zuwa ƙasa. Mama Esta na zaune a gabanta a kan kujera 'yar tsuguno, ta riga ta saƙa kusan kamu ɗaya. Ba ta tashi ba. Hausarta irin ta kasuwar Minna ce: mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta, kuma ba ta raba ka da ƙa.

"Dorothy, kai ka aiko, ko?" ta ce. "Ka ce kowa ya saka nasa. To wa ya iya a cikinku? Kai ka iya? Magdalina ya iya? Na ce wa Baba, yaran nan sun yanke magana, amma ni za su bar wa aikin. Gara in fara da wuri."

Dorothy ta kalli Magdalina. Ta ciro waya, ta karanta saƙon a hankali, leɓenta na motsi. Sannan ta zauna a ƙasa da kayan makarantarta, ta rufe fuska da hannu.

Abin da ya faru ba shi da wuyar ganewa. Mama Esta ba ta karatu, Baba Ndaceko ne ya karanta mata. Dorothy sakawa take nufi, ta jiki. A rubuce babu lanƙwasa, a bakin Baba ma babu ita, kunnen da ya ji kuma na macen da ta yi shekara talatin tana saƙa ne, kafin ta naɗe masaƙarta a 1998 saboda rashin masu saye.

"Ni abin da aka rubuta na karanta," in ji Baba Ndaceko daga ƙofa. "Shekara talatin da biyu ina karanta takardun jirgi, ban taɓa haɗa jirgi biyu a layi ɗaya ba. Malamar makaranta ce ta rubuta, ita za ku tambaya."

"Mama, saka na ce. Saka, a ɗaura," in ji Dorothy, tana dariya tana share ido.

"To ai shi na ce. Saka."

"Ba saƙa ba!"

"Ka faɗi abu ɗaya sau biyu, kana mini ihu."

Magdalina ba ta yi dariya sosai ba. Ta durƙusa ta taɓa abin da aka saƙa, ta leƙa bayansa. Ta tambaya wa ya yi zaren. Mama Esta ta ce na ƙanwarta ne da ke kaɗi a ƙauye, rinin kuma na wani mutum ne a Bida. Ta faɗi sunansa da na ubansa, ta ƙara da cewa ɗan'uwansa kurma ne. Magdalina ta ajiye fulas ɗin, ta jawo kujera ta zauna.

Zane talatin da huɗu ba zai yiwu cikin mako shida ba. Mama Esta da kanta ta yarda da haka bayan ta ɗan yi musu. Aka tsaya a kan mayafin kafaɗa, faɗin tafin hannu biyu, tsawon kamu uku. Magdalina ta ce nata ya zama na ƙarshe. Dorothy ba ta aika saƙon gyara ba. Wani dabam ta aika: duk mai hannu ta zo gidan Mama Esta. Ta karanta shi sau uku kafin ta tura.

Baba Ndaceko ya haɗa ƙarin masaƙa biyu cikin kwana uku, yana yi yana mita. Mata tara suka gwada, huɗu suka iya. Dorothy ba ta cikinsu. Abin da ta saƙa a ranar farko ya fito da ƙugu kamar kwalbar lemo, Mama Esta ta warware shi a gabanta, ta ba ta aikin naɗe zare.

"Kai je ka koyar da yara," ta ce. "Zare ba ya jin Turanci."

Meshach ya fara zuwa gidan ne ranar 1 ga Oktoba. Zare ya iso tasha daga ƙauye, uwarsa na kan inji, shi ya ɗauko ya kawo. Ya ajiye buhun, bai tafi ba. Ya tsaya yana kallon hannun tsohuwar, yana duba agogon wayarsa.

"Mama, layi nawa kike yi a awa ɗaya?"

"Awa?"

"Kafin ki huta. Nawa ake so ki yi?"

"Wa zai so? Ina yi har bayana ya ce in tashi. In ya ce, in tashi." Ta kalli ƙwallon robar da ke hannunsa. "Wannan fa, wasan yara ne? Zo ka ɗaga mini zaren nan, idona ba ya raba su."

Aikin shi ne a zura yatsu a ɗago zaren tsaye ɗaya bayan ɗaya a wurin ratsin, kafin a ratsa sanda. Ya miƙa hagu. Ta buge hannun.

"Ba shi ba. Malalacin."

Ya yi minti goma sha biyar, rigarsa ta jiƙe da gumi, ya ce yana da wurin zuwa. Washegari ya dawo ba tare da an aike shi ba.

Baba Ndaceko ya jawo kujerarsa kusa don ya gani da kyau. "A garinmu namiji ba ya zama gaban wannan masaƙa," ya ce. "Ta maza dabam take."

"Masaƙa bai tambaye shi ba," in ji Mama Esta.

"Ke dama kowa namiji ne a bakinki. Yau ga namiji na gaske kin samu, kin mai da shi mace."

Daga ranar Baba ya koma kiransa 'yar'uwa Meshach, yana tambayarsa yaushe zai yi rajistar zumunta, da ko an auna shi a wurin tela. A cewar Dorothy, a nan ta fara jin dariyar Meshach tun dawowarsa daga Legas.

Magdalina ba ta ce komai a kan zuwansa ba. Ta ma sauya lokacin zuwanta gidan, ba ta isowa sai ya tafi. "In na yaba zai daina," ta ce wa Dorothy. Dorothy ce ke kawo mata rahoto a bakin inji, da ƙarfi saboda ƙara: yau ya riƙe sanda da dama, yau ya yi musu da Baba a kan ƙwallo, yau ya bar wayarsa a kan tabarma har awa biyu bai duba ba. A mako na uku Mama Esta ta miƙa masa sabon zare a masaƙa ta uku, ta ce ya fara nasa shi kaɗai. Da ya tambaya na wa ne, ta ce na shugaba, tunda shi ne na ƙarshe kuma ba a gaggawarsa.

Zaren ƙauye ya ƙare a mayafi na ashirin da ɗaya. Ƙanwar Mama Esta ta aiko cewa ita ma tana da baya. Sauran daga shagon Alfa aka sayo. Dorothy ce ta kawo shi, ta ajiye a gaban Magdalina.

"Shugaba, wannan zaren wa ya yi shi? Ana barinsa ya zauna?"

"Ban sani ba."

"To?"

"Rubuta a littafi cewa ban sani ba."

Dorothy ta rubuta, da kwanan wata. Alfa ya yi alkawarin zai tambaya in ya je Kano.

Ranar 28 ga Oktoba likita ya duba hannun Meshach. Yatsan tsakiya na lanƙwasa har rabi. Manuni kaɗan yake motsi. Likitan bai ce saƙar ce ta yi aiki ko lokaci ne ba. Ya dai ce ya ci gaba da duk abin da yake yi.

Kiran ya zo ranar Laraba, 5 ga Nuwamba, yana gaban masaƙa. Ɗan kwangilar ne. Ya ce cinikin Disamba ya matso, akwai gurbi, aikin da ya bari ne, ya bayyana ranar Litinin 17 ga wata. Meshach ya ce zai kira shi. Dorothy tana wurin tana naɗe zare. Ta bar zaren a ƙasa, ta tafi kai tsaye ɗakin inji ta faɗa wa Magdalina. Magdalina ta kashe injin da masarar wata mata a ciki, rabi niƙaƙƙiya. Ta tsaya kamar minti ɗaya. Sannan ta sake kunnawa, ta gama wa matar niƙanta.

Da la'asar uwa da ɗa suka zauna a tsakar gida, tana tsince shinkafa.

"An kira ka," ta ce.

"An kira."

"To."

"Mama, saƙa ba albashi ba ce."

"Ban ce ita ce ba."

"Ba za ki ce kada in je ba?"

"Na faɗa wa wanda ya kamata in faɗa wa. Hannun naka ne."

Ya buɗe yatsun, ya rufe. Sannan ya ce mayafinta ba zai kammala kafin Asabar ba, saura fiye da kamu ɗaya. Mama Esta za ta iya gama shi a yini guda, in ta yarda.

"Wanda ya fara shi zai gama," in ji Magdalina.

"Ke ce a gaba fa. Kowa zai gani."

"Su gani. Zan jira."

Ranar Juma'a Mama Esta ta cire nata mayafin ta miƙa wa Magdalina. Ta ƙi karɓa. Dorothy ma ta miƙa nata, tana cewa dama ita ba ta saƙa ko layi ɗaya da ya tsira ba. Shi ma ta ƙi.

"Na san abin da kike yi," Dorothy ta ce mata a hankali.

"To ki riƙe bakinki. Kada kuma ki tura wa kowa tes."

A bas biyu suka tafi Zungeru. Zumunta goma sha ɗaya suka halarci taron, goma cikin anko. An kalle su, kamar yadda Dorothy ta yi hasashe, amma ba ta ɓuya ba. Da wata mata ta tambaye ta ko rasuwa aka yi musu, sai ta ciro waya ta nuna mata saƙon, ta ba ta labarin tun daga farko, ta ɗora wa kanta laifin duka. Kafin a ci abincin rana labarin ya zagaye filin, mata na tsokanar juna da saka da saƙa. Magdalina ta ba da waƙa uku, tulu da kacau-kacau na amsa mata.

Bayan taro shugabannin zumunta uku suka zo suna taɓa mayafan, suna tambaya wa ya saƙa. Mama Esta ta lissafo sunaye: ita, da Purity, da Precious, da sauran biyun da suka iya saƙar, da Meshach.

"Meshach kuma? Mace ce?"

"Shi ne," in ji Mama Esta, amsar da ba ta warware komai ba.

Biyu daga cikinsu suka ce za su kai maganar kantin waya gaban matansu. Ta ukun ta ce ita gaskiya araha take bi, matanta ba su da hali, kuma Magdalina ta ce ta fahimta. Dukansu uku suka tambaya ko za a saƙa musu irinsa baɗi. Mama Esta ta ce bayanta ya tsufa, su tambayi Meshach. Dorothy ta rubuta lambobinsu a takarda, ta kai masa ranar Lahadi bayan sujada. Ya karanta, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Zuwa ranar Juma'a, 14 ga Nuwamba, mayafi na talatin da huɗu yana kan masaƙa, saura rabin kamu. Gefensa na farko a karkace yake, daga tsakiya ya miƙe. Meshach yana zuwa kullum da safe. Mama Esta ta ce sau biyu a wannan makon ya warware wurin da ita ba ta ga kuskure ba. Dorothy kuma ta ce ta ga jakarsa ta tafiya a wanke, an shanya ta a igiya a bayan ɗakin inji. Magdalina ba ta tambaye shi ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Motar Legas tana tashi ranar Lahadi da ƙarfe shida na safe. Har yanzu bai kira ɗan kwangilar ba.